Sai Godiya, Amma

Tun da aka kawo ni gidan nan, ban taɓa yi wa Malam sannu da aiki ya amsa min da wani abu ban da "sai godiya" ba. Ko albasa ta yi kyau, ko tsutsa ta cinye tumatir, ko ƙafarsa ce ta kumbura, amsar ɗaya ce. Sai ya zauna ya sha ruwa, ya shafa gemu, sannan ya ce, "Amma fa, Kulu." A nan nake ajiye abin da ke hannuna, don na san magana ta zo. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san haka. Mutum ko gobara ya yi, in ka je jaje godiya zai fara yi wa Allah. Abin da ke cinsa yana bayan amma.

Ni ce Kulu. Sana'ata turara shinkafa, kamar yawancin matan da ke tsakanin Kura da Bunkure. Malam shi ne maigidana, kuma yana noman rani tun kafin a haifi waɗanda suke yi masa kallon banza yanzu. Gonakin ƙauyenmu su ne a wutsiyar kanal, magudanar ruwan noman rani, wato sai kowa ya sha ya ƙoshi sannan ruwa ke isowa gare mu. Shi ya sa rabon ruwa a wurinmu ba abin wasa ba ne, an sha zare lauje a kansa. Malam ne ke rabon. Ƙarfen da ake murɗa ƙofar ruwa da shi a zaurenmu yake kwana, in kuwa ya ce yau na wane ne, gobe na wane, ba mai ƙara tambaya. Ba takarda, ba shaida. An dai san shi da magana ɗaya, ita ce duk dukiyarsa. Nakan tsokane shi in ce ba a dafa ta a ci, shi kuma ya ce ai ba a taɓa kwana da yunwa a gidansa ba.

Autarmu Aziza ita ce ta yi karatu mai zurfi, ta samu aikin jarida a wani gidan rediyo a birni. Ranar da muryarta ta fara fitowa, Malam sai da ya rataye rediyo a reshen dalbejiyar bakin gona, ya ƙure murya, wai don tsuntsaye kada su sauka a shuka. Ba wanda ya yarda da zancen tsuntsayen, amma an bar shi.

Ranin farko bayan hawan sabon shugaban ƙasa, ruwa ya ƙi isowa gare mu. Ciyawar kachala da laka sun cushe kanal daga can sama, abin da ke sulalowa bai fi ya jiƙa bakin gona ba. Masu injin ban ruwa sun jingine shi, man da zai sha ya fi ƙarfinsu. Albasa ta fara yin ja tun daga kan ganye, tumatir yana zubar da fure. Ana cikin haka Aziza ta bugo waya, ta ce gidan rediyonsu na tattara muryoyin manoma a kan yadda suke ganin sabuwar gwamnati, ko Baba zai yi magana?

Malam bai amsa shi kaɗai ba. Bayan sallar la'asar ya faɗa wa mutane a ƙofar masallaci. Baballe, wanda gonarsa ke jikin tamu, abokinsa tun suna yara, shi ya yanke zancen. Ya ce, "Kai ne bakinmu. Ka faɗa musu yadda yake, kada ka rage. In na sama suka ji, ƙila a turo a yashe mana kanal kafin shukar nan ta mutu."

A tsakar gidan nan aka ɗauki maganar, ina nan ina juya shinkafa a shanya. Aziza ta zo, ta sa na kore kaji, ta roƙi maƙwabciyarmu Baraka ta dakata da daka, wai aikinsu ba ya son hayaniya. Malam ya sa farar rigarsa ta Juma'a, kamar ana ganin mutum a rediyo. Ta durƙusa a gabansa ta miƙa wayar kusa da bakinsa.

"Baba, ya kuke ganin noman rani bana, a ƙarƙashin sabon shugaban ƙasa?"

"To, alhamdu lillahi. Sai godiya. Muna cikin alheri, ba abin da za mu ce sai godiya. Allah ya yi masa jagora, ya ba shi ikon sauke nauyin da ya ɗauka."

Ya yi tari, don dama yana fama da shi tun farkon sanyi. Ya gyara zama.

"Amma fa, 'yar nan..."

Daga nan ya zayyana komai. Ya faɗi kachala, ya faɗi laka, ya faɗi injinan da aka jingine, ya ambaci gonar marayun da ke can ƙarshe wadda tuni ta bushe. Ya ce in aka ci gaba a haka, an kashe mu da ranmu. Sannan ya rufe da cewa, "Ba shi ya cushe kanal ba, haka ya tarar da shi. To amma yanzu shi ne uba, wa za mu kai wa kuka in ba shi ba?"

Ni kaina da nake matarsa sai da na tsaya da aiki. Aziza ta kashe wayar tana share ido, ta ce ba ta taɓa ɗauko magana mai kyau kamar wannan ba.

Ranar da za a sa shirin, da hantsi, maza suka taru a gindin bishiyar ƙofar gida da rediyon Malam, mata suka cika min tsakar gida. Har wuta na rage a ƙarƙashin tukunya don kada ƙarar tafasa ta hana mu ji. Aka gama labarai, sai wata murya ta namiji ta ce manoman rani a yankin Kura da Bunkure sun bayyana farin cikinsu da kamun ludayin sabon shugaban ƙasa, ga ma abin da wani dattijo mai suna Malam Datti ke cewa. Sunan da ni ban taɓa kamawa da bakina ba, shi ne wani yaro ya jefo shi haka nan.

Sai muka ji ruwa. Ruwa mai yawa, yana gudu yana ɓulɓula, irin wanda rabonmu da jinsa tun bara. A kan ruwan nan muryar Malam ta hau: "To, alhamdu lillahi. Sai godiya. Muna cikin alheri, ba abin da za mu ce sai godiya. Allah ya yi masa jagora."

Ina tsaye da mara a hannu ina jiran amma. Sai kiɗa ya tashi.

Ni na ɗauka tallace-tallace ne, za a dawo. Aka dawo da wani mai kiwon kaji daga wata jiha, shi ma yana godiya. Baraka ce ta fara buɗe baki, a hankali, ba ta ma kalle ni ba. Ta ce, "Kulu, wannan ruwan na ina ne?"

Na ce, "Baraka, ba ke aka hana daka ba ranar? A nan aka ɗauka. Ruwan da ke gidan nan na randa ne."

Ta ce haka ne. Ta ɗauki mayafinta ta fita, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Daga zaure ina jiyo Baballe. Ba ya ɗaga murya, wannan ne ma ya fi ciwo.

"Malam Datti, mun aike ka da kuka, ka je ka yi guɗa."

"Wallahi na faɗa. Duk na faɗa. Yankewa aka yi."

"To muryar ba taka ba ce?"

"Tawa ce."

"Ruwan da muka ji fa, a wace gona yake gudu?"

Malam ya tashi ya shigo cikin gida. Kafin magariba an gama haƙa masa rijiyar burtsatse a wata ɓoyayyiyar gona wajen Garun Mallam, an sai wa Aziza mota, an ba ni kujerar Makka. Duk a bakin mutane. Ni da ko Madobi sai in shekara ban je ba.

Washegari Aziza ta zo, idanunta sun kumbura. Ta ce ita ta miƙa maganar ɗungurungum, editansu, wani Mudassiru, shi ya yanke. Da ta ji shirin ta shiga ofishinsa ba ko sallama. Ta kwaikwayo mana shi, har da yadda yake juya kujera.

"Na ƙara masa kalma ɗaya? Bakinsa ne ko ba bakinsa ba?"

"Ranka ya daɗe, gaisuwa ce ka ɗauka ka bar maganar. Ka juya ma'anar gaba ɗaya."

"Lokaci ne gajere. Kuma shugaban nan jiya-jiya ya hau, a bar shi ya zauna tukuna. Kin san wanda ya gina gidan nan, kin san inda ya tsaya a zaɓe."

"Ruwan fa?"

"Ado ne. Don mai sauraro ya ji kamar yana gona."

Ta ce masa abin da aka koya musu shi ne ba a yanke magana yadda za ta koma akasin abin da mai ita yake nufi, in kuma an yi kuskure a fito a gyara a daidai lokacin da aka yi shi. Ya ce wannan na cikin aji ne, ta je ta yi aikinta.

Abin da ya fi ƙona min rai, Mudassirun nan ba baƙo ba ne. Da wani ne daga wata uwa duniya wanda bai san yadda muke gaisawa ba, sai in ce rashin sani ne. Bahaushe ne, uwarsa ma in ka tambaye ta ya jiki tana kwance asibiti, da sauƙi za ta ce. Ya san inda gaisuwa ta ƙare, ya san inda magana ta fara, shi ya sa ya san daidai inda zai sa almakashi. Na tsine masa a ranar, ban kuma janye ba har yau.

Malam ya hana ni tsinuwar. Ya ce da Aziza, "Share hawayenki. Godiyar ai ba ƙarya na yi ba. Mutanen nan sun san ni, za su huce."

Ba su huce ba. Bayan 'yan kwanaki ɗan ruwa ya sulalo. Malam ya ɗauki ƙarfensa ya tafi, ya ce yau na gonar marayu ne, ita ta fi matsuwa. Wani matashi da aka yi sunansa a gaban Malam ya sa fartanya ya fasa kunya ya juya ruwan zuwa gonar ubansa. Da Malam ya yi magana, sai ya ce masa, "Baba, ka je ka sha naka na rediyo." Mutane suna tsaye, ba wanda ya tsawata masa. Da ya dawo ranar na ce sannu da aiki, ya ce sai godiya, amma muryar can ƙasa take. Na jira amma, bai kawo ta ba.

Aziza ta kasa zaune ta kasa tsaye. Sai ta tuna da wani da suka yi makaranta tare, Zaharaddini, wanda ke aiki a wani gidan rediyon daban. Shi wannan gidan, mai shi yana cikin waɗanda suka sha kaye a zaɓe, kullum cikin caccakar sabon shugaba suke. Ni na ce mata hankalina bai kwanta ba. Ta ce Zaharaddini ya rantse mata za a sa maganar daga bismillah har ƙarshe, ba za a taɓa ko tarin ba. Ta nemi izinin ubanta. Ya ce, "In duka za a sa, a sa."

Wannan karon ba wanda ya zo gidanmu sauraro, kowa a gidansa ya ji. Mu uku ne a tsakar gida. Aka fara da busar sarewa mai ban tausayi, irin wadda ake sa wa labarin mutuwa. Sai Zaharaddini ya ce wani dattijo ya fashe da kuka, ya ce sabuwar gwamnati ta kashe manoma da ransu. Sai tarin Malam. Tarin da nake dafa masa citta da kanumfari a kansa, shi ne kukan. Ba alhamdu lillahi, ba addu'ar da ya yi wa shugaban. Aka sa kachala, aka sa injinan da aka jingine, aka maimaita "an kashe mu da ranmu" har sau ba adadi. "Ba shi ya cushe kanal ba" kuwa, ko ƙurarta ba mu gani ba.

Aziza ta dafe kai da hannu biyu. Malam ya miƙa hannu ya kashe rediyon da kansa, ya tashi ya yi alwala, alhali lokacin salla bai yi ba.

Da ta kira Zaharaddini, cewa ya yi ai ɗaya gidan sun riga sun sa godiyar, me zai sa su maimaita musu? Su sun cike giɓin ne kawai, yanzu jama'a sun ji ɓangare biyu. Har yana neman ta gode masa.

To, jama'a kam sun ji ɓangare biyu. A ƙauyenmu akwai waɗanda suka zaɓi shugaban nan, suna kuma ƙaunarsa, su suka tashi yanzu. Dagaci ya aiko a kira Malam, ya ce masa ya jawo wa gari ido. Sai ga labari wai dama an turo motar yashe kanal tana hanya, da aka ji shirin aka juya ta wani wuri. Ni ban ga motar ba, ba kuma wanda ya gan ta, amma kowa ya rantse ta kusa ƙarasowa. Waɗanda suka ce an saye shi a karon farko ba su janye ba, cewa suka yi ashe biyan ne bai cika ba, shi ya sa ya koma ɗaya gidan. Masu goyon shugaba da masu adawa da shi, waɗanda tun zaɓe ba sa zama tabarma ɗaya, sai ga su sun haɗu a kan magana guda: Malam baki biyu gare shi.

Baki biyu. Mutumin da aka yi shekara da shekaru ana shayar da gonaki da maganarsa. Ranar da na fara jin kalmar a bakin wata yarinya mai tallan gyaɗa, ban san lokacin da na zauna a kan buhu na yi kuka ba.

Aziza kuma aka sallame ta daga aiki, wai ta fitar da kayan gidan ta kai wa abokan hamayya. Ba ta tsaya jin zafin wannan ba. Ta tura cikakkiyar maganar, tun daga korar kaji har zuwa wa za mu kai wa kuka, zuwa wayar duk wanda take da lambarsa a ƙauyen nan. Ta ce yanzu kowa zai ji da kunnensa. Samari suka buɗe, suka ga tana da tsawo, suka ji farkon suka rufe. Waɗanda suka daure suka kai ƙarshe suka ce ai 'yar jarida ce, haɗawa ta yi, ta ɗauko ta farko ta liƙa da ta biyu don ta wanke ubanta. Biyun da aka yanke an yarda da su, don a rediyo aka ji su. Ta gaskiyar ce ta zama ƙirƙira.

Baballe ya saurara har ƙarshe. Na sani, don ya zo da hantsi ya yi sallama a zaure, ina bayan ƙofa ina tsince shinkafa.

"Na ji duka," in ji Baballe. "Na yarda. Ka faɗa yadda muka aike ka, har ka fi. Ka yafe min abin da na ce."

"Ba komai. Na yafe."

"Amma..."

Da na ji wannan amma, sai na ajiye faifan shinkafar. Shi ma ɗan ƙasar nan ne, maganarsa tana bayanta.

"Amma mutane ba sa jin maganarka yanzu. Jiya saura kaɗan a sari wani a bakin kanal. Ɗan ruwan da ke zuwa, in ba mai rabawa, jini za a zubar a kansa. Sun ce ni in riƙe. Na ce ba zan karɓa ba sai daga hannunka."

Na ji motsin Malam ya tashi. Na ji ƙarar ƙarfen nan da ya zare shi daga bayan ƙofa, inda yake jingine tun kafin a haifi Aziza. Ya ce, "Ka fara da gonar marayu, in da sauran abin da za a ceta." Baballe ya fita yana jan hanci, ban san ko mura ce ba.

Gidajen rediyon biyu kuwa, kafin mako ya zagayo sun koma kan wani zancen. Ɗaya yana yabon tafiyar da shugaba ya yi ƙasar waje, ɗaya yana zaginta. Shi shugaban, na tabbata har yau bai san an yi wani Malam a wutsiyar kanal ba. Na ɗauke rediyon na cusa shi ƙarƙashin gado. Albasarmu ta bushe a tsaye, aka saki awaki suka cinye abin da ya rage.

Ba asarar albasa ce ta dame ni ba, mun sha yin asara. Abin da na lura da shi daga baya ne. Malam ya daina amsa gaisuwa. Ba wai fushi yake ba, in an yi masa sallama yana amsawa, don wannan wajibi ne. Amma in ka ce ya aiki, ya gida, ya sanyi, sai ya dubi hannunka. In ya ga waya, sai ya kau da kai. In bai gani ba, sai ya gyaɗa kai kawai ya wuce. Mutane suka ce girman kai ne ya ƙaru a kan baki biyu. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san tsoro ne. Ya dawo daga gona in ce sannu da aiki, sai ya buɗe baki kamar zai amsa, sai ya ɗauki kofin ruwa. Wata rana na kasa daurewa na ce, "Malam, ni ce fa. Ni wa zan kai wa?" Ya yi ɗan murmushi ya ce ya sani. Bai dai amsa ba.

Aziza ta koma birni neman wani aikin, ta daɗe ba ta zo ba. Kunya ce ke hana ta, ko da yake ba wanda ya ɗora mata laifi a gidan nan. Sai da damina ta faɗi, kanal ya zama ba a bukatarsa, kowa ya manta da zancen ban da sunan da aka liƙa wa Malam, sannan ta zo. Ta rame. Na faɗa mata halin da ubanta yake ciki tun a ɗakin girki. Ta zaro wayarta daga jaka, ta tura ta cikin kwanon shinkafa ta rufe da faifai. Ta cire har zoben hannunta, ban san dalili ba.

Yana zaune a kan tabarma a inuwar katanga, daidai wurin da aka ɗauki maganar. Ta je ta durƙusa, ta ɗora hannayenta a kan gwiwa, tafin a buɗe, yadda zai gani.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya."

"Ya aiki, Baba?"

Ya dubi hannun dama, ya dubi na hagu. Ya dubi fuskarta, ya daɗe. Na ga leɓensa na motsi, na ce yau kam za ta fito. Ba da faɗa ya yi maganar ba, ba kuma da gatse ba. A hankali ya tambaye ta, yadda yake tambayarta tana ƙarama ko tuwo take so ko fura.

"Auta, wanne kike so in faɗa? Na farkon ko na ƙarshen?"

Ta kifa kai a kan tabarmar, kusa da ƙafarsa, kafaɗunta na rawa. Ya ɗora hannu a kanta yana cewa ta yi shiru, ba komai, ta yi shiru. Ni kuma na koma ɗakin girki, don shinkafar da na ɗora ta fara kamawa.